Isnadin Saƙon Waya: Tsokaci Kan Lafiyarmu da Kafafen Sadarwar Zamani

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai jarrabar bayi da cuta, Mai yi musu rahama da waraka. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

Ya ɗan'uwana mai karatu, yau ina so mu ɗan tsaya a kan wani baƙo da ya shigo mana gida ba tare da sallama ba, har ya samu wuri ya miƙe ƙafa, wato wayar salula da abin da ke yawo a cikinta na maganar cuta da magani. A shekarar 2001 da layukan GSM suka fara aiki a Nijeriya, wayar hannu kayan alhazai ce da manyan ma'aikata. A yau kuwa, daga Kawo zuwa Unguwar Rimi, daga Badarawa zuwa Tudun Wada, da wuya ka shiga gidan da babu ita, kuma duk mai babbar waya za ka same shi cikin zauren WhatsApp ɗaya ko biyu: na dangi, na tsofaffin 'yan makaranta, na masallacin unguwa, na matan Islamiyya. A cikin waɗannan zauruka ne sau da yawa ake yanke shawarar ko za a kai jariri rigakafi, ko mai juna biyu za ta je awo, ko mai hawan jini zai ci gaba da shan maganinsa, tun kafin wani likita ya ji labari.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: fagen wayar da kan jama'a game da lafiya ya riga ya koma cikin waya, ko mun so ko mun ƙi. Masu ƙarya da masu neman kuɗi sun riga masu ilimi isa wannan fage, kuma matuƙar likita da malami da ni da kai masu tura saƙo ba mu ɗauki namu kason ba, to 'ya'yanmu ne za su ci gaba da biyan bashin.

Waiwaye Adon Tafiya

Kafin mu ɗora wa waya laifi, ya kamata mu tuna cewa ji-ta-ji-ta ta girme ta. A shekarar 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a jihohin Kano da Zamfara da Kaduna, bayan da wasu manya, ciki har da Dakta Datti Ahmad na Majalisar Ƙoli ta Shari'ar Musulunci, suka bayyana zargin cewa an gurɓata maganin da abin hana haihuwa. A lokacin babu WhatsApp, ba a ma ƙirƙiro shi ba. Baki da kaset da rediyo da majalisar ƙofar gida su suka yi aikin. Kano ba ta koma ga rigakafin ba sai a watan Yulin 2004, bayan an yi gwaje-gwaje kuma an samo maganin daga Indonesiya. Kafin nan ƙwayar cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe kusan ashirin da a da suka rabu da ita, kuma yaran da suka shanye a wannan tsakani suna nan tare da mu, wasunsu yanzu magidanta ne masu jan jiki a bakin titi.

To amma adalci ya wajabta a faɗi ɗaya ɓangaren. Tsoron mutane yana da tushe. A shekarar 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin wani magani mai suna Trovan. Yara 200 aka sanya a cikin gwajin, 11 suka rasu, wasu suka naƙasa. Kamfanin ya musanta laifi, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Saboda haka duk mai son yi wa mutanenmu maganar lafiya ya sani cewa yana magana ne da masu tabo.

Abin lura shi ne yadda aka fita daga wannan rami. An fita ne ta hanyar amsa tambayoyin mutane, da shigowar waɗanda jama'a suka amince da su. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko, a ƙarƙashin jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, wanda kuma shi ne shugaban Jama'atu Nasril Islam mai hedikwata a nan Kaduna. Hakimai da dagatai da masu unguwanni suka shiga gida-gida. Ba a sha da daɗi ba, domin a watan Fabrairun 2013 an harbe ma'aikatan rigakafi tara a Kano. Amma daga 2016 ba a ƙara samun ƙwayar shan inna ta daji a Nijeriya ba, kuma ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ita. Amana ce ta yi wannan aiki, kuma shekaru aka ɗauka ana gina ta.

Daren Gishiri

Abin da waya ta ƙara a kan ji-ta-ji-ta shi ne gudu. Ranar 20 ga Yulin 2014 wani ɗan Laberiya mai suna Patrick Sawyer ya sauka Legas ɗauke da cutar Ebola. Wata likita, Dakta Ameyo Stella Adadevoh, ta hana shi fita daga asibiti duk da matsin lambar da aka yi mata, ita ma ta kamu, ta rasu a watan Agusta. A farkon wannan wata na Agusta ne wani saƙo ya karaɗe ƙasar nan a cikin dare ɗaya, cewa kowa ya tashi kafin asuba ya yi wanka da ruwan zafi da gishiri, ya kuma sha, wai shi ne kariya. Duk wanda ya yi wayo a lokacin zai tuna yadda wayoyi suka yi ta ƙara cikin talatainin dare, uwa na kiran ɗa, ƙanwa na kiran yaya. Ba ƙiyayya ce ta sa suka kira ba, ƙauna ce tsantsa. Amma an ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum biyu saboda shan gishirin, wasu da dama kuma aka kwantar da su a asibiti. Ebola kanta mutum takwas ta kashe a Nijeriya cikin mutum ashirin da suka kamu, kuma ba ta taɓa zuwa Arewa ba. Gishirin kuwa ya iso mu cikin sa'o'i kaɗan.

Ka dubi wani abin mamaki, ya mai karatu. Wannan gishiri dai shi ne ke ceton rai idan aka yi amfani da shi bisa ilimi. Rabin ƙaramin cokali na gishiri da ƙananan cokula shida na sukari a cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, shi ne ruwan gishiri da sukari da ake ba mai gudawa kafin a kai shi asibiti. A 2021 cutar amai da gudawa ta kashe sama da mutum 3,000 a ƙasar nan, mafi yawansu a Arewa. Ban taɓa ganin saƙon wannan haɗi ya tayar da mutane cikin dare ba. Wani bincike da masana na jami'ar MIT ta Amurka suka wallafa a 2018 ya nuna cewa a shafin Twitter labarin gaskiya kan ɗauki ninki shida na lokacin da ƙarya ke ɗauka kafin ya isa ga mutum 1,500. Dalilin a fili yake: ƙarya takan zo da sabon abu mai tsoratarwa, gaskiya kuwa takan zo da abin da aka saba ji.

Inda Waya Ta Yi Rana

Duk da haka ba na cikin masu cewa a jefar da waya a huta. A wannan shekara ta Ebola, wasu matasan likitoci da 'yan sa-kai a Legas sun buɗe shafin da suka kira Ebola Alert, suna amsa tambayoyin jama'a dare da rana, masu bin sawun waɗanda suka yi cuɗanya da majinyata kuma suna aika rahotanninsu ta waya. Ranar 20 ga Oktoban 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana Nijeriya ta rabu da cutar.

A kusa da mu, gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe yara sama da 400 a Zamfara daga 2010. Aka share wasu ƙauyuka, aka bar Bagega, ana ta alkawarin kuɗi ba a saki ba, likitocin ƙungiyar MSF kuma suna cewa ba za su iya fara yi wa yaran magani ba sai an kwashe gurɓatacciyar ƙasar. Sai wasu matasa, ciki har da Hamzat Lawal, suka ɗauki maganar zuwa Twitter da Facebook a 2012, suna ambaton sunan ƙauyen da yawan yaran da adadin kuɗin da aka yi alkawari. A watan Janairun 2013 gwamnatin tarayya ta saki kuɗin.

Haka nan maganar kodin. Shekaru iyaye a Kano da Kaduna suna kuka a kan kwalaben maganin tari da suka lalata musu 'ya'ya, har da matan aure. Ranar 30 ga Afrilun 2018 BBC ta saki wani fim na binciken ƙwaƙwaf a kan yadda ake fitar da maganin ta bayan fage, ya bazu a wayoyi, washegari gwamnatin tarayya ta haramta sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin.

A nan gida Kaduna ma mun gani. Lokacin korona, yayin da da yawa daga cikinmu ke cewa cutar ƙanzon kurege ce, gwamnan wancan lokaci Malam Nasir El-Rufa'i ya fito a faifan bidiyo ranar 28 ga Maris ɗin 2020 ya ce ya kamu, mataimakiyarsa Dakta Hadiza Balarabe, wadda likita ce, ta ci gaba da jan ragama. Mutane sun yi saɓani a kan tsananin kullen da aka yi, kuma talaka ya ji jiki ƙwarai. Amma a azumin wannan shekara, da aka hana taruwa, malamai da yawa ta rediyo da talabijin da Facebook suka gabatar da tafsiri. Wato ke nan malamanmu sun san hanyar, kuma almajiransu sun iya riƙe kyamara.

Idan ka duba waɗannan misalai za ka ga abu ɗaya ya haɗa su: magana ce ƙayyadajjiya, mai suna da wuri da kwanan wata, daga bakin wanda aka san fuskarsa kuma za a iya tuhumarsa idan ya yi ƙarya.

Isnadin Saƙo

A nan ne nake ganin mu Musulmi muna da gadon da muka yi sakaci da shi. Babu al'ummar da ta wahala wajen tantance labari kamar malaman hadisi. Mutum kan yi tafiyar watanni don ya ji magana ɗaya daga bakin wanda ya ji ta, sannan a bincika kowane mai ruwaya, gaskiyarsa da ƙarfin haddarsa da ko ya taɓa haɗuwa da wanda ya ce ya ji daga gare shi. Aya ta 6 a cikin Suratul Hujurat ta umurce mu da bin diddigin labari kafin mu yi aiki da shi, ta kuma gargaɗe mu da nadamar cutar da mutane cikin jahilci. Aya ta 83 a cikin Suratun Nisa'i ta zargi masu gaggawar watsa labarin aminci ko na tsoro ba tare da mayar da shi ga masu iya tantancewa ba. Imamu Muslim kuma a gabatarwar Sahihinsa ya ware babi guda a kan hanin ba da labarin duk abin da mutum ya ji.

To, yaya aka yi ɗalibin da ba zai karɓi hadisi ba sai ya tambayi wa ya ruwaito, shi ne kuma zai tura wa zaure goma saƙon murya na wani da ba a san ko wane ne ba, yana cewa allurar kaza tana kashe mahaifa? Da za a auna irin waɗannan saƙonni da ma'aunin malaman hadisi, ko matsayin mai rauni ba za su samu ba. Mai maganar ba a san shi ba, wanda ya ji daga gare shi ba a san shi ba, ba kwanan wata, ba sunan asibiti. Alamominsu ma sanannu ne. Sukan fara da sallama da salati don su sayi zuciyarka, su jingina maganar ga "wani babban likita a Indiya" ko "wata ma'aikaciyar asibiti da ta nemi a sakaya sunanta", su rufe da haɗa ka da Allah kada saƙon ya tsaya a wajenka. Yanzu kuma an samu ƙarin fitina, domin da fasahar ƙirƙirarriyar basira ana iya kwaikwayon murya da fuskar sanannen mutum a sa shi tallar maganin da bai taɓa jin sunansa ba.

Shawarata ga kaina da kai tambayoyi ne guda uku kafin yatsa ya taɓa maɓallin turawa. Wa ya faɗa, kuma zan iya samunsa in tambaye shi? Yaushe aka faɗa, kuma a ina? Idan maganar ta zama ƙarya, wa zai cutu? In ka rasa amsar ta farko, bar saƙon ya mutu a hannunka. Rubuta "kamar yadda aka turo mini" a ƙasa ba ya sauke maka nauyi, domin wanda ya karɓa daga gare ka darajarka ya duba. Kamfanin WhatsApp da kansa ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a lokaci guda tun 2019. Abin kunya ne a ce kamfani ya fi mu damuwa da abin da harsunanmu ke yaɗawa.

Kira Ga Likitocinmu

Hana tura ƙarya rabin aiki ne. Idan uwa ta kwana da yaro yana zazzaɓi, dole ta nemi amsa a wani wuri, kuma wanda ta samu shi za ta saurara. Garin nan Allah Ya hore masa masana: ga Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, ga Asibitin Sojoji na 44, ga Cibiyar Ido ta Ƙasa, ga Cibiyar Kunne ta Ƙasa, ga ɗaruruwan malaman jinya da ungozomomi 'ya'yan Hausawa da waɗanda suka tashi cikin Hausa. Na san aiki ya yi musu yawa, abokan aikinsu da dama kuma sun tafi Saudiyya da Ingila. Amma saƙon murya na minti biyu, cikin Hausar da kaka za ta gane, wanda likita ya fara da faɗin sunansa da inda yake aiki da ranar da ya yi maganar, zai kai inda takardar sanarwa ta Turanci ba za ta taɓa kaiwa ba. Akwai waɗanda suka fara, Allah Ya saka musu da alheri, sai dai sun yi kaɗan.

Abin faɗa kuwa yana da yawa. Tun ƙarshen 2022 cutar mashaƙo ta ɓarke, Kano ce cibiyarta, ta taɓa Kaduna a 2023, ta kashe ɗaruruwan yara, mafi yawansu waɗanda ba a yi musu rigakafi ba ko ba a kammala ba. Iyaye nawa ne suka san cewa ciwon maƙogwaro da zazzaɓi da kumburin wuya da wani farin abu mai toka-toka a maƙogwaro alama ce ta a garzaya asibiti a ranar? Nawa ne suka san allurar da ke kare wannan cuta ana yin ta kyauta a sati 6 da 10 da 14 na haihuwa? Ga sikila, wadda Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da ita. Idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, kuma wannan lissafi a kan kowane ciki yake, ba wai ɗa ɗaya cikin huɗu ba kamar yadda wasu ke zato. Ga sankarar bakin mahaifa, wadda aka ƙiyasta ta kashe mata kusan 8,000 a Nijeriya a 2020. An fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafinta a watan Oktoban 2023, kuma kafin allurar ta iso, tsohon zargin nan na 2003 ya riga ta isowa cikin sabuwar riga.

Muna da abin koyi a tarihinmu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda babban masallacinmu na Unguwar Sarki ke ɗauke da sunansa, ya yi rubuce-rubuce a kan magani duk da nauyin mulki da ke kansa. 'Yar'uwarsa Nana Asma'u kuwa, da ta ga matan karkara ba za su iya zuwa gare ta ba, sai ta kafa 'Yan Taru, ta zaɓi dattijan mata amintattu da ake kira jaji, ta koyar da su cikin harshen da mutane ke ji, ta aike su ƙauyuka. Ilimi daga tushe sananne, ta hannun manzo amintacce, cikin harshen gida. Kowane zauren matan Islamiyya a yau yana buƙatar jajinsa, mace guda mai hankali da ke da lambar wata malamar asibiti, wadda za a tura wa duk saƙon da ya shigo kafin a gaskata.

Kira Ga Malamai da Masu Tallar Magani

Maganar malami ɗaya a kan mumbari ta fi tallar gwamnati ta wata guda nauyi, kuma yanzu kowace huɗuba ana yanka ta gunduwa-gunduwa a watsa. Wannan ƙarin amana ce. Ina roƙon malamanmu, cikin ladabi, idan tambaya ta shafi allura ko ƙwaya, a nemi likita mai tsoron Allah a zauna da shi kafin a yi magana, kamar yadda ba za mu yarda likita ya raba gado ba tare da ya tambayi malami ba. Likita shi ma kada ya yi wa addu'a da tawakkalin majinyaci izgili, domin daga ranar ya rasa shi. Lokacin annobar Amwas, da Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham ya ji labarin cutar, shawara ya yi da sahabbai, sannan ya juya da jama'a, ya kuma bayyana wa masu ganin hakan gudun ƙaddara ne cewa ɗaukar mataki shi ma cikin ƙaddarar yake.

Su kuwa masu tallar magani a TikTok da Facebook, waɗanda kwalba ɗaya tasu ke maganin basir da sanyi da ciwon suga da hawan jini da rashin haihuwa, ina tunatar da su cewa Abu Dawud ya ruwaito hadisin da ke ɗora lamuni a kan wanda ya yi aikin magani alhali ba a san shi da ilimin ba. Ba na musun albarkar zuma da habbatus sauda. Abin da nake ƙi shi ne a fake da su a ce wa mai ciwon suga ya ajiye maganinsa, sai ƙafa ta ruɓe ko ƙoda ta tsaya a kwaso shi zuwa asibiti, mai tallar kuma ya kashe wayarsa. Mai saye ya sani cewa lambar NAFDAC a jikin maganin gargajiya ba shaida ba ce cewa yana warkar da duk abin da aka lissafa. A ɓangaren maganin asibiti kuma, tun 2010 hukumar ta fito da tsarin kankare wani wuri a jikin kwalin wasu magunguna a aika lambar ta saƙon tes don a san ko na jabu ne. Duk inda ka ga wannan wuri a kwali, yi amfani da shi.

Suturar Majinyaci

Akwai wani alheri da waya ta sauƙaƙa, wato neman jini da tara kuɗin aiki ga mara lafiya. An ceci rayuka da yawa ta haka. Sai dai ina da ƙorafi biyu. Na farko, talauci ba ya cire wa mutum mutunci. Ɗaukar hoton mace a gadon asibiti jikinta a buɗe, ko yaro yana kukan ciwo, a watsa wa duniya, abu ne da ba za mu yarda a yi wa namu ba, kuma hoton zai ci gaba da yawo bayan ta warke ko ta rasu. A nemi izini, a rufe abin da ya kamata a rufe. Na biyu, duk saƙon neman taimako ya ɗauki kwanan wata da sunan wanda ya tsaya a kai, idan buƙata ta biya a sanar, a kuma faɗi abin da aka tara da yadda aka kashe. Rashin yin haka ne ya buɗe wa 'yan damfara ƙofa, har masu niyyar taimako suka fara ɗari-ɗari da mabuƙata na gaskiya.

Iyakar Abin da Waya Za Ta Iya

Wani zai ce: duk wannan maganar 'yan birni ce, matar da ke ƙauyen Igabi ko Giwa ba ta da babbar waya, kuma ko ta ji saƙon sai maigida ya yarda. Gaskiya ne. Shi ya sa har gobe rediyo da mai unguwa da ungozoma ba su da madadi, kuma shi ya sa ya kamata a riƙa yi wa maza magana kai tsaye, tunda a hannunsu wayar da izinin da kuɗin mota suke. A 2022 aka buɗe tashar jirage marasa matuƙa ta kamfanin Zipline a Pambegua don kai magani da allurar rigakafi asibitocin karkara. Jirgi zai iya kai allura cikin mintuna, amma ba zai iya fito da uwa daga ɗaki ba. Wannan sai mutum.

Wani kuma zai ce: kun cika yi wa talaka wa'azi, alhali in ya je asibitin ba ma'aikaci, ba magani. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, kuma amsarta ita ce wayar da kai fuska biyu gare ta. A 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su ware kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu ga lafiya, kuma gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika shi ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. Haƙƙinmu ne mu tambayi inda kuɗin ya kwana. Wayar da ke gaya wa uwa ta je awo, ita ce ya kamata ta gaya wa kansila da ɗan majalisa da kwamishina cewa asibitin mazaɓa kaza ba wuta, ba ruwa, ba mai karɓar haihuwa da dare. A faɗi wurin da ranar da abin da ido ya gani, ba zagi, ba ƙari, ba ƙazafi. Darasin Bagega ke nan.

Kammalawa

Ya ɗan'uwa mai karatu, ba na neman ka zama likita. Abin da nake roƙo kaɗan ne. Ka nemi lambar ma'aikacin lafiya ɗaya da ka amince da shi ka ajiye. Idan kai ne shugaban wani zaure, ka kafa doka cewa ba a tura maganar magani sai da sunan mai ita. Idan ɗan'uwa ya turo ƙarya, ka bi shi ta gefe ka gyara masa cikin mutunci, domin wanda aka kunyata a gaban jama'a kare kansa zai yi. Sannan yau ɗin nan ka duba katin rigakafin yaran gidanka, ka ga ko akwai layin da ba a cike ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya tsare harsunanmu da yatsunmu daga zama sanadin cutar da wani bawa nasa. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne. Sai mun haɗu a rubutu na gaba, in Allah Ya kai mu.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.